Baba Ya Bar Ta a Giya ta Biyu

Allah ya ji ƙan Baba, ya ba shi hutawa a wurinsa. Mu da ya bari kuma ya ba mu ƙarfin zuciya, don ni dai nawa bai iso ba tukuna. Takarda biyu na yaga kafin wannan. Ko ƙarar babbar mota na ji a titi sai na ajiye biro na saurara. Amma na ga idan ban rubuta ba, mutane za su riƙe cewa wani tsoho ne mai jinkiri ya rasu, su manta da abin da jinkirin nasa ya yi.

Yayan mahaifina ne. Shi ya riƙe ni tun ina 'yar shekara uku, shi ya sa ban san wani suna da zan kira shi ba sai Baba, matarsa Mama, babban ɗansu kuma Yaya. Direban janwe ne, motar nan da ke zuwa ta ja manyan motocin da suka lalace a hanya. Duk mai bin hanyar Abuja ko ta Kachia ya san tsohuwar janwensa mai shuɗin kai, ko da bai san fuskarsa ba.

Ranar Lahadi da safe ya rasu a asibiti, ana cikin sujada. Kafin azahar gidanmu na Gonin Gora ya cika har bakin titi. Matan zumunta suka taso daga coci da zannuwansu iri ɗaya, suka kewaye Mama suna waƙa a hankali. Mama ba ta yi kuka ba ranar. Tana zaune ne kawai tana tambayar duk wanda ya durƙusa gabanta ko an rufe gilashin motar, don Baba ba ya son ruwa ya taɓa kujerarsa. Direbobi kuwa tsayawa suka yi a waje, sun rasa inda za su sa hannuwansu. Wani direban tanka daga Rido, ƙato mai gemu, ya zauna a kan bulo yana kuka kamar yaro, yana cewa Baba ya taɓa fito da shi daga rami, ya yi masa faɗa na awa guda, sannan ya raba abincinsa biyu ya ba shi rabi. Makanikan Tudun Wada suka zo cikin bas guda, Alhaji na gabansu, abokin Baba tun suna samari, wanda shi kaɗai Baba ke yarda ya buɗe injin janwen. Suka shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro suka yi tasu addu'ar, Fasto yana tsaye a gefe yana amsawa da amin.

Sai kuma matan wata kasuwar bakin hanya, su wajen goma, da doya da tumatir a ka. Su ne ke zaune a ƙasan gangaren ranar da abin ya faru. Ɗaya daga cikinsu ta kama fuskata da hannu biyu, ta ce ashe ke ce yarinyar da ke cikin motar. Ta ce da motocin nan biyu sun kuɓuce, da yau a gidajensu ake zaman makoki.

A tsakar gida Yaya na ta ba da labari. Duk wanda ya shigo sai ya sake ba shi daga farko: yadda suke jan wata motar citta, Baba na gaba a janwe, shi yana riƙe da sitiyarin motar baya, yadda ya ga janwen ta fara karkacewa a tsakiyar gangare, yadda ya miƙe tsaye a kan birkin motar cittar da ƙafa biyu har motocin suka tsaya. Mutane suna dafa kafaɗarsa suna cewa lallai ya gaji mahaifinsa. Ni ina zaune bayan ƙofa ina ji, alhali na san ba haka aka yi ba. Ni ce ke gefen Baba.

Ba yabon da ake yi masa ne ya dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne an riga an yanke cewa da an dawo daga jana'iza a ƙauye, Yaya zai ɗauki janwen ya ci gaba da aiki, don da ita gidan ke ci. Yaya kuma mutum ne mai cire mota daga giya a gangare, abin da direbobi ke kira firi, ya bar ta ta gudu da kanta yana dogara da birki. Yanzu ga shi kowa na gaya masa birki ne ya ceci kasuwa guda. Na san in ya fita da wannan tunanin, da mota mai nauyi a bayansa, wata rana shi za a je a janyo.

Bari in faɗi wane ne Baba kafin in zo kan ranar.

Jinkirinsa abin tsokana ne a duk garejin da ke wannan ƙetaren kogi. Alhaji yakan ce in Baba ya ja motarka daga Kachia, kafin ku iso Kaduna gemunka ya yi fari. Baba sai ya ce ƙwarai, amma za ka iso da gemun a haɓarka. Ba ya haɗa ƙarfen ja sai ya zaga motar da ta mutu sau biyu. Zai tambayi direba me ya ɗauko, direba ya faɗa, shi kuma ya hau ya ɗaga tamfol ya gani da idonsa, don ya ce tunda yake bai taɓa haɗuwa da direban da ya faɗi nauyin kayansa daidai ba. Sannan ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashi ya kwance farfela, dogon ƙarfen nan da ke juya tayoyin baya. Ya ce motar da injinta ba ya aiki, in aka ja ta da nisa farfela na haɗe, giyabos ɗinta, wato akwatin giya, zai ƙone a banza, mai mota ya zo da ciwo ɗaya ya koma da biyu. Masu sauri sun sha yi masa tsaki a kan wannan rabin awar. Ko ɗago kai ba ya yi.

In zai tashi, da giya ta ɗaya yake tashi ko da hanya a shimfiɗe take. Rediyon motar ya lalace tun ina firamare, ya ƙi gyarawa, ya ce injin yake saurare, shi ne ke gaya masa lokacin da nauyi ya fi ƙarfin giya. In ya hango hawa, tun daga nesa yake dawo da giya ƙasa, don ya ce wanda ya tsaya neman giya a tsakiyar hawa da mota a bayansa, baya za su dawo tare. Amma abin da aka fi saninsa da shi shi ne tsayawar saman gangare. Duk gangaren da ya zo, sai ya rage gudu kamar zai tsaya, ya taka kuloci, ya sa giyar ƙasa, sannan ya bar motar ta sauka tana gurnani, injin na riƙe da ita. Birki sai dai ya ɗan taɓa ya saki. Ya ce birkin da aka danne tun daga sama zafi yake yi, in ya yi zafi kuma sai ya daina kamawa daidai lokacin da ake nemansa.

"Daga sama ake zaɓen giya," haka yake cewa. "In kin riga kin shiga gangare, ba ki da sauran zaɓi."

Ni ya fara gaya wa wannan, tun ban san me ake nufi da gangare ba. Lokacin da aka kawo ni gidan ba na magana da kowa, Mama ta ce wata biyu na yi ina bin bango. Baba ne ya samo dabara. Ya kifa turmi ya ɗora ni a kai, ya cika bokiti da yashi ya soka muciyar Mama a ciki, ya ba ni murfin tukunya ya ce sitiyari ne. Shi kuma ya durƙusa a bayana ya riƙe gefen rigata, wai shi ne tirelar da ta lalace. Yana gurnani da baki yana cewa, direba, ga gangare, wace giya? Kalmar farko da na faɗa a gidan nan ita ce "biyu". Mama ta fito neman muciyarta za ta tuƙa tuwo, ta same mu a haka, ta juya ta koma kicin. Ranar shinkafa muka ci.

Ba mutanen gidansa kaɗai yake koya wa ba. Wata Lahadi muna dawowa daga coci a ƙafa, muka tarar da wani ma'aikacin gwamnati ɗan Binuwai ya tsaya a kan hawa da sabuwar motarsa mai buɗaɗɗen baya, irin mai canza giya da kanta. Tankin ruwa mai taya yake ja, motar sai warin ƙuna take yi. Baba da kayan cocinsa ya leƙa ciki, ya ce masa motar ta yi ta kai da komo tsakanin giya biyu ne har man giyar ya yi zafi. Ya ce in yana jan kaya ya hana ta zuwa giyar sama, ya tsayar da ita a ta ƙasa, ya nuna masa lambobin da ke jikin giyar da yatsa. Mutumin ya ce shekara guda yana tuƙa motar bai san amfanin waɗannan lambobin ba. Baba ya ce motar ta iya canza giya, amma ba ta san abin da aka ɗaura mata a baya ba, kai ne ka sani. Ya sa shi ya jira ta huce, mu ma muka tsaya tare da shi a rana, Mama na ta hararar Baba tana fifita da littafin waƙa.

Faɗan da ya fi kowanne a gidanmu shi ma a kan giya aka yi shi. Ina aji biyar na sakandare. Gidanmu yana ƙasan wani ɗan gangare ne daga babban titi, kuma tun muna yara da kunne muke sanin Baba ya dawo, don janwen takan sauko tana gurnani har tagogi su yi rawa. Ranar Yaya ne ya fita da ita, Baba na fama da zazzaɓi. Da yamma sai ga motar ta iso ƙofar gida shiru, ba a ji komai ba sai ƙarar tsakuwa da kukan birki. Baba yana kwance a kan benci, ya miƙe kamar ba shi ne mara lafiyar ba. Hannu kawai ya miƙa, Yaya ya ba shi makulli.

Yaya ya ce ɗan gangaren gida ne fa, kuma ba kaya a baya. Ya ce man gas ya yi tsada, kowane direba yana sa mota a firi ta huta da shan mai, birkinsa kuma lafiya lau. Baba ya ce abin da hannu ya saba yi a ƙaramin gangare shi zai yi a babba, ba zai tsaya tambaya ba. Yaya ya ɗaga murya, abin da bai taɓa yi ba, ya ce wannan tsoro ne kawai irin na mutanen da. Ina bayan katangar kicin ina wanke kwanuka, ba su san ina nan ba.

"Ni na janyo tankar ƙanena daga ƙarƙashin gada," in ji Baba. "Da wannan motar. Kafin in haɗa sarƙa na leƙa ciki na taɓa giya. A firi take. Shekara goma sha huɗu ban gaya wa kowa ba, har uwarka."

Ƙanen nasa shi ne mahaifina. Ni dai abin da aka gaya mini shi ne hatsari ya yi. Na zauna a ƙasa da kumfa a hannuna, ban tashi ba sai da Mama ta ƙwala mini kira.

Wata uku Yaya bai taɓa janwen ba, ya koma tuƙa keke mai ƙafa uku. Sai da Mama ta sa baki, Alhaji ma ya zo takanas daga Tudun Wada, sannan Baba ya yarda ya dawo, amma a motar baya, riƙon sitiyari. Yaya ya ba da haƙuri. Sai dai na sha jin sa yana gaya wa abokansa cewa tsoho da nasa zamanin, in mota ta zo hannunsa zai nuna musu yadda ake tsimin mai.

Yanzu ranar. Asabar ce, wajen ƙarfe huɗu na yamma. Ina aiki a wani shagon magani a hanyar Kachia, gaba da Rido kaɗan, kuma in aiki ya biyo da Baba ta wurin yakan tsaya ya ɗauke ni. Ranar ya tsaya da wata mota cike da buhunan citta a bayansa, Yaya na cikinta yana ɗaga mini hannu. Mai cittar ya riga ya hau acaɓa ya yi gaba, ya ce ba zai iya zaman wannan jinkiri ba. Na hau gaba. Baba ya ce kansa na ɗan sarawa tun safe, in mun isa gida in auna masa jini. Na ce ai na sha gaya masa ya riƙa shan maganinsa kullum. Ya ce to, likita, na ji.

Akwai wani dogon gangare a hanyar, a ƙasansa kasuwar bakin titi ce, ga masu doya, ga masu keke, ga masu talla suna ta tsallakawa. Da muka zo samansa Baba ya yi abin da ya saba. Ya rage gudu har motocin baya suka fara hon, ya taka kuloci, ya sa ta biyu. Ya dube ni ya ce, direba, wace giya? Na yi dariya na ce Baba na girma fa. Ita ce dariyar ƙarshe da muka yi tare.

Ba mu kai rabi ba na ji ya yi wani irin numfashi. Hannunsa na hagu ya zame daga sitiyari, kansa ya jingina da ƙofa, ƙafafunsa suka sauka daga kan komai. Motar ta fara cin gefe. Na kama sitiyarin da hannu ɗaya, ina kiran sunan Yesu, ina kiran Baba. Injin yana ihu, don nauyin cittar gaba ɗaya yana turo mu daga baya, ina jin ƙarfen ja yana bugawa. Ina hango laimomin kasuwa suna matsowa.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba a zaman makokin. A cikin tsoron nan kaina ya ba ni cewa ihun injin ne ke tura motar, in na raba ta da injin za ta tsaya. Ni da aka koya wa giya a kan turmi. Ni da na ji da kunnena yadda mahaifina ya mutu. Na kai ɗaya hannun na cafki giyar, na fara fizgarta zan mayar da ita firi.

Ba ta motsa ba, don hannun Baba na dama ya sauka a kan nawa. Ban ga lokacin da ya ɗago shi ba. Ya danne hannuna da giyar gaba ɗaya, da wani ƙarfi da ban san yana da sauransa ba, har yatsuna suka yi ƙara. Bakinsa ya karkace, idonsa ɗaya a rufe.

"Bar ta," ya ce. "Bar ta a nan. Riƙe hanya."

Na riƙe. Motar ta ci gaba da sauka tana gurnani, gudun bai wuce wanda mutum zai bi ta da sassarfa ba. Wannan ne ya ba mutanen kasuwa lokaci, suka ga tana tangaɗi, suka kwashe 'ya'yansu suka watse. Da muka kusa ƙasa, inda hanya ta fara miƙewa, ya saki hannuna, amma nasa bai bar giyar ba. Ya ɗaga haɓa yana nuna mini 'yar wayar nan mai baƙin kai da ake ja a kashe injin. Na ja. Motar ta yi tari, ta girgiza, ta ɗan ƙara matsawa, ta tsaya, tayar gaba tana cikin tulin doyar wata mata. Doya uku ta fasa. Iyakar ɓarnar da aka yi a kasuwar ke nan.

Sai da mutum biyu suka ɓamɓare yatsunsa daga kan giyar kafin a fito da shi. Bai sake magana ba. Likita ya ce jini ne ya hau ya fashe masa a ka.

Kwana uku ina ɗauke da wannan ni kaɗai. Abinci ba ya shiga, in na rufe ido sai in ga laimomi. Ina so in gaya wa Yaya, amma in na faɗa dole in faɗi abin da hannuna ya yi, dole kuma in ƙaryata shi bayan kowa ya gama yabonsa, ga mahaifinsa ko binne shi ba a yi ba. Ranar Laraba Alhaji ya dawo gaisuwa shi kaɗai. Na kai masa ruwa, ya ce in zauna. Ya ce shi aka kira ranar ya je ya raba motocin, wata janwe ta tafi da ta cittar, tamu kuma ya sa mata duwatsu a taya, ya rufe gilashi ya kulle, ya kawo wa Mama makulli. Ya daɗe yana kallon hannuna da ya kumbura.

"'Yata, ban taɓa komai a cikin motar ba," ya ce. "Yadda ya bar ta, haka take. Motar cittar kuma ni na gyara ta jiya. Injin da ya mutu ba ya tara iska, birkin da ba iska kuwa ko baro ba zai tsayar ba."

Na fashe da kuka na gaya masa duka. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce in shi ya yi wa Yaya magana, faɗan wani tsohon kawai zai ji, irin wanda ya saba ji ya wuce. Ya ce ni ce ke ciki, ni zan faɗa, kuma in faɗa masa a cikin motar, ba a tsakar gida ba.

Muka kai Baba ƙauye ranar Asabar. A hanyar dawowa direban bas ɗin da ya ɗauke mu ya saki motarsa a wani gangare, na ji injin ya yi shiru a ƙarƙashina. Na yi ta ihu har sai da ya tsaya, na sauka na yi amai a bakin hanya. Mata suka ce baƙin ciki ne, a bar ni. Yaya yana kujerar gaba, bai waigo ba.

Litinin da safe ya karɓi makulli a hannun Mama. Na ce zan bi shi. Ya ce me zan je yi, ko motar ba ta ishe ni ba ne. Na ce na bar jakata a ciki, kuma gaskiya ne. Muka hau bas har kasuwar. Janwen na nan a gefen titi inda ta tsaya, matan kasuwa sun hana kowa jingina da ita. Yaya ya hau, ya miƙo hannu ya ja ni. Hular Baba tana ƙasa wajen kuloci. Ƙamshinsa ma yana nan, man gas da sabulun wanki.

Yaya ya zauna, ya kai hannu zai girgiza giya kamar yadda kowane direba ke yi kafin ya tayar da mota. Na ce ya dakata, kar ya taka kuloci tukuna, ya taɓa ta kawai ya gaya mini inda take. Ya taɓa. Ya ce ta biyu ce, ai Baba kullum haka yake.

Na nuna masa hannuna, shatin yatsun bai gama ɓacewa ba. Na gaya masa komai ban rage ba, har da cewa na ji maganar mahaifina a bayan kicin. Na ce ni ce na so in cire ta. Na ce da hannun Baba ya makara kaɗan, da ni da shi da kai da matan nan duk mun tafi, kuma da ni ce na yi.

Yaya bai dube ni ba. Ya ɗauki hular ya ajiye a cinya, yana kallon masu doya ta gilashi.

"Birkin bai kama ba," ya ce can. "Tun da na ga kun fara karkacewa na taka, ƙafata ta shige har ƙasa. Na buɗe ƙofa zan yi tsalle, sai na ga ba gudu muke yi ba." Ya share fuska da hular. "Da suka fara cewa ni ne, na kasa cewa ba ni ba ne."

Muka zauna a haka har mai doyar nan ta zo ta ƙwanƙwasa ƙofa tana tambaya ko lafiya. Yaya ya tayar da injin, ya jira iska ta taru, sannan ya sauka ya cire duwatsun. Da giya ta ɗaya ya tashi, duk da ba komai a bayanmu. Da muka iso saman ɗan gangaren gidanmu na riƙe kujera da hannu biyu, idona a kan hannunsa. Ya rage gudu. Ya taka kuloci. Ya dawo da ita ta biyu. Mama ta ce tana kicin ta ji tagogi na rawa, ta saki ludayi ta fito da gudu, sai da ta zo ƙofa ta tuna mun binne shi. Ranar ce ta fara kuka.

Ba zan yi ƙarya in ce hankalina ya kwanta ba. Man gas bai sauko ba, abokan Yaya suna nan da bakinsu, kuma gangaren da yake bi can nesa ba na ganinsu. Mutum yakan riƙe abu mako biyu don hawaye bai bushe ba, daga baya hannu ya koma inda ya saba. Na bar aikin hanyar Kachia, har yau ban iya zama a gaban mota ba. Abin da nake iya yi shi ne, in la'asar ta yi sai in fito da kujera ƙofar gida, in kashe waya, in saurara.

Baba, ka yafe mini hannun nan. Allah ya karɓe ka, ya hutar da kai daga jan nauyin mutane. Ku kuma masu karanta wannan, in kun ga tsohuwar janwe mai shuɗin kai ta tare muku hanya a saman gangare, don Allah kar ku yi wa Yaya hon. Ku bar shi ya sa giyarsa.

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan tana saukowa da gurnani. Tun safe Yaya ya tafi janyo wata tirela a hanyar Abuja. Yanzu biyar ta wuce, ina zaune a ƙofa da takardar nan a cinyata, ban ji komai ba tukuna.